Godiya Ga Mai Yadin Da Ya Hana Ni Sayen Mai Tsada

Mutum uku ne ke bina bashin godiya a kan wani ɗan aiki da na yi a gida, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya karɓi sisina a kan abin da ya koya mini. Na farko dattijo ne mai sayar da yadi a kasuwar Kantin Kwari ta Kano. Ta biyu gwaggona ce, yayar mahaifina. Ta uku maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, mai sana'ar ɗinki a cikin gida. Ba zan kama sunan kowa ba, don na san halinsu, ba masu son a yayata su ba ne. Amma abin da suka yi mini ya wuce a ce "an gode" a bakin ƙofa a wuce, shi ya sa na zauna na rubuta.

Aikin dai shi ne ɗinka ƙyallayen goge hannu da baki na wurin cin abinci, irin waɗanda ake wankewa a sake amfani da su. Gidanmu gidan jama'a ne. Ga yara, ga ƙannen maigida da ke zaune wurinmu suna karatu, ga baƙin ranar Juma'a, balle a ce azumi ya kama, kwanuka su yawaita a lokacin buɗa-baki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin komai ya haura, har tishu ya shiga jerin abubuwan da sai mace ta tsaya ta yi lissafi kafin ta ce a sayo. Ba ma kuɗin kaɗai ba. Duk wanda ya ci tuwo da miyar kuɓewa ya wanke hannu, ya san tishu ba ya tsane jiƙaƙƙen hannu, narkewa yake yi ya manne a tsakanin yatsu, gobe da safe kuma a share shi a tsakar gida. Abin da ya fi damuna shi ne tawul ɗin nan guda ɗaya da ake ratayewa kusa da buta, wanda mai mura zai goge hannu da shi, yaro ya zo ya goge baki. Burina kowa ya samu nasa, in an gama da shi a jefa a kwandon wanki.

Ɗinkin kansa ba wani abu ba ne, kusurwa huɗu ce da kalmasa. Wurin zaɓen yadi ne gizo ke saƙar, kuma a nan Allah Ya haɗa ni da dattijon nan.

Wanda ya san Kwari ya san ba wurin tsayawa dogon bayani ba ne. 'Yan dako na ratsawa da dila a ka suna "hanya, hanya", yaran shago na kiran "Hajiya, zo ki gani", fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru suna ɗaure kaya, kowa sauri yake yi. Mai sayen yadi biyar ko shida ba shi ne ake ɓata lokaci a kansa ba. Shagon dattijon, wanda zan kira Baba, ƙarami ne, a cikin wani lungu, ba atamfa yake sayarwa ba, yadiddika ne na awo. Na ɗaga wani ruwan madara mai sulɓi da sheƙi, wanda ko an dunƙule shi ba ya yamutsewa. Har yaron shago ya ɗauko almakashi, sai Baba da ke zaune a kan darduma yana jan carbi ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, me za a ɗinka da shi?" Na faɗa masa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce wa yaron, "Dakata tukuna. Miƙo mini ruwan can."

Ya shimfiɗa bakin yadin a kan gwiwarsa, ya ɗiga masa ruwa daga ledar fiyawata. Ruwan ya dunƙule ya yi ta gangarawa kamar a kan ganyen gwaza, ya faɗi ƙasa bai bar ko alamar danshi ba. Sai ya jawo wani farin guntu da yake goge sandar awonsa da shi, ya ɗiga masa. Nan take ya shanye, danshin ya yaɗu. Ya ce, "'Yata, kin gani? Wanda kika ɗauka yadi ne mai kyau. In labule za ki yi ko rigar kujera, zai yi shekaru bai koɗe ba. Amma roba ne, roba kuwa ba ta shan ruwa. In kika ba baƙo ya goge baki da shi, shafa masa maiƙon zai yi a fuska kawai."

Bai tsaya nan ba. Ya yanko ɗan ƙyalle mai faɗin yatsa daga kowanne, ya fita bakin ƙofa nesa da kaya, domin 'yan Kwari sun sha ganin gobara, ba sa wasa da wuta, sannan ya ƙyasta ashana. Na robar ya noƙe yana gudun wutar, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi da warin leda, ya bar wani baƙin ƙullutu. Da ya huce ya ce in murza. Bai murzu ba. Na audugar kuwa ya kama sosai, ya yi warin ƙonanniyar takarda, tokarsa mai laushi, ina taɓawa ta watse a yatsuna. Ya ce, "In kin ga ya yi toka kuma ya bar ƙullutu, to gauraye ne. Yadin yunifom ɗin 'yan makaranta ke nan, robarsa ta fi audugarsa yawa. An yi shi don ya jure wanki ya bushe da wuri, ba don ya sha ruwa ba."

Daga baya na bi diddigin abin, na tarar duk yadda ya faɗa haka yake. Auduga takan riƙe danshin da ya kai wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinta daga iska kawai, ba tare da an ji ta jiƙe a hannu ba, ita kuwa poliyesta, wadda 'yan kasuwa ke kira roba, ba ta kai kashi 1 ba. Daga sinadaran man fetur ake yin poliyesta, tana ƙin ruwa tana son mai, shi ya sa tabon mai in ya kama ta yake wuyar fita. Auduga kuma ƙarfi take ƙarawa idan ta jiƙe, tana jure ruwan zafi har tafasawa, tana jure dutsen guga mai zafi. Yadin yunifom ɗin da ya ambata yawanci kashi 65 poliyesta ne, kashi 35 auduga. Baba bai kawo mini ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba, da ruwan leda da tsinken ashana ya nuna mini, kuma na fi gane nasa.

Sai ya ja mini kunne a kan abin da zai iya ruɗa ni. Ya ce kada in yanke wa sabon yadi hukunci da ruwa tun ban cuɗa shi ba, domin masaƙa tana sa wa yadi sitaci don ya tsaya ya yi kyau a ido, kuma sitacin kan sa auduga ta gaskiya ta yi jinkirin shan ruwa. A jiƙa bakin yadin, a murtsuke shi, ya ɗan sha iska, sannan a gwada. Ya ce in dunƙule yadi a tafin hannu in matse in sake: auduga za ta fito da yamutsewarta, roba za ta miƙe ta koma yadda take. Ya ce in ɗaga shi saitin haske in dubi saƙar. In ana hango mutum sarai ta cikinsa, ya yi sharara, wanki kaɗan zai tsiyaye. In kuma haske ba ya ratsa shi sam, ya yi kauri, zai yi wa baki kaushi, kuma da damina zai kwana a igiya bai bushe ba. Tsaka-tsaki ake so, kaurin yadin shat na maza ko ya ɗan ɗara. Akwai kuma wani yadi mai taushi da zubi, wanda ake sarrafawa daga itace, shi ma in an ƙona shi toka yake yi, yana kuma shan ruwa, amma idan ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake yi, ga shi da shiga bayan wanki. Ya ce wannan na rigar mata ne, in bar musu kayansu. Game da mai launi kuwa, a jiƙa shi a goga a kan farin ƙyalle. In ya bar alama, to zuba yake yi, zai rina wa mutane baki, ya kuma ɓata duk abin da aka wanke tare da shi.

Na tambaye shi lilin, don na ji ana cewa shi ne sarkin wannan aiki a wurin Turawa. Ya ce gaskiya ne, amma na ainihi, wanda ake yi da zaren wani tsiro da ake nomawa a Faransa da Beljiyam, tsadarsa ta wuce a goge miya da shi, kuma da yawan abin da ake sayarwa da wannan suna a kasuwa akwai roba a ciki. Ya ce, "Bar shi, 'yata. Ga abin da za ki saya."

Daga can ƙasan kanta ya sa yaron ya zaro akoko, da farin alawayyo, da wani yadin shat mai gida-gida, shuɗi da fari, auduga zalla. Akokon ba shi da kyan gani, launinsa bai kai fari ba, ga ɗigo-ɗigon ɓawon angurya a jikinsa. Ya ce haka yake tun da ba a wanke shi da sinadarin farantawa ba, kuma da farko zai yi gardamar shan ruwa saboda maiƙon da auduga ke fitowa da shi daga gona, sai an tafasa shi da sabulu. Bayan nan kullum aka wanke shi ƙara fari da laushi yake yi. Yana shafa shi yana ba ni labarin cewa lokacin da yake yaron shago, daga Kaduna ake kawo musu akoko. Maganarsa tana kan hanya. Masaƙar KTL da ke Kakuri ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, kuma akoko na cikin abin da ta fara saƙawa. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau tana da inda za ta. KTL ta rufe a 2002, yau kuma yawancin kayan da ke cikin Kwari daga Sin suke zuwa. Baba bai yi dogon ƙorafi ba. Cewa kawai ya yi, "A zamaninmu ba a tambaya ko yadi auduga ne. Yanzu dole ki tambaya, in an faɗa miki kuma ki gwada."

Abin da na biya a ƙarshe bai kai rabin kuɗin wancan mai sheƙin ba. A nan ne godiyata take. Addininmu ya hori mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, kuma ɗan kasuwar da ya yi haka ya sauke nauyi. To amma yadin da na ɗauka ba shi da aibi ko kaɗan. Ba hujajje ba ne, ba koɗaɗɗe ba ne, ba a rage mini awo ba. Da ya yi shiru yaron ya yanka, babu malamin da zai ce ya ci haram, ni kaina ba zan taɓa zarginsa ba. Aikin da zan sa yadin ne ba nasa ba, kuma babu yadda za a yi Baba ya san haka sai da ya tambaya. Tambayar nan ta "me za a ɗinka da shi" ita ce alherin. Ya yi ta yana sane da cewa amsar za ta iya rage masa ciniki, ta kuma rage masa, a lokacin da kowane ɗan kasuwa ke kukan rashin ciniki. Sannan ya zauna ya koya wa macen da bai sani ba, wadda wataƙila ba zai sake gani ba, abin da ya shekara da shekaru yana tarawa.

Baba, na gode. Allah Ya sa albarka a kasuwarka, Ya tsare shagonka daga gobara da ambaliya, Ya shirya maka zuriya. Yaron nan da ya tsaya riƙe da almakashi yana kallo, Allah Ya sa ya gaje ka a hali kafin ya gaje ka a kanta.

Daga kasuwa gidan Gwaggo na wuce, a cikin gari, don ban iya yanke shawarar girman da zan yi ba. Gwaggo ta tashi a lokacin da mata ke kaɗi a tsakar gida. Ta yi gurza, ta yi shiɓa, ta san bambancin zaren tsaye da abawa tun ba ta kai aure ba, har yanzu mazarinta na nan cikin adaka. Idonta ya yi rauni, amma da ta kama akokon ta murza a tsakanin yatsa biyu, ta kai shi kumatu, sai ta ce, "Wa ya zaɓa miki wannan? Ya san kaya." Da ta ji ina maganar in je in yanka a daren, ta ce, "Ke 'yar nan, ba a sa wa sabuwar auduga almakashi. Ki jiƙa ta a ruwan zafi, ki wanke, ki shanya, ki goge, sannan ki auna. In kin yanka kafin ta shiga, za ta shiga bayan kin ɗinka, kalmasar ta tattare, ƙyallen ya karkace, babu gugar da za ta miƙar da shi." Ta ce in riƙa ƙara rabin yadi a kan lissafina saboda shiga, kuma fari da mai launi kada su haɗu a baho ɗaya a wankin farko.

Gwaggo ba ta san tef ba, da kamu take awo, daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa. Ta ce kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi, ya ishi babba ya shimfiɗa a cinya ya kuma goge hannu. Da na je gida na auna, kamun nata ya faɗa wajen inci 18, wato rabin yadi. Lissafin sai ya zo da sauƙi. Yadi mai faɗin inci 45 yana ba da biyu a jere, a samu ragowar wajen inci 9 a gefe. Yadi ɗaya na tsawo, inci 36, yana ba da huɗu. Turmi guda mai yadi shida, bayan ya sha ruwa ya shiga, yakan ba da 22 cikin kwanciyar hankali. Ragowar gefen nan ta ce kada in yar, a yi wa yara ƙanana da ita, sauran a ninka a ɗinke a riƙa sauke tukunya. Ta kuma nuna mini yadda ake samun miƙaƙƙen layi ba tare da alli ba: a ɗan tsaga bakin yadin da almakashi, a zaro zare ɗaya har ƙarshe, a bi gurbinsa a yanka.

Sannan ta sa jikarta ta jawo adakar. Ta fito da tsofaffin zannuwa, atamfar Holan biyu da gefensu ya fara tsiyayewa, da wata farar shadda da ta ce tun ba a haife ni ba take da ita. Ta ce, "Ungo. Waɗannan sun fi duk abin da za ki sayo." Na yi nauyin karɓa, ta ce ajiyar me za ta yi musu, gara su yi amfani tana raye.

Gaskiya ta faɗa. Sabuwar atamfa tana da tauri, ruwa kan ɗan tsaya a kanta, amma wadda ta sha wanki shekara da shekaru ta saki jiki, launinta ya gama zubar da abin da zai zubar, zanenta kuma yana ɓoye ɗan tabon da ya ƙi fita. Holan ɗin nan da kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, kamfanin da aka kafa tun 1846, auduga ce zalla, kuma Gwaggo ta nuna mini yadda ake gane irinta: ciki da baya duk launin ya kama daidai. Wadda aka buga wa fuska ɗaya, bayanta fari-fari, tana iya zama auduga, tana iya zama roba, sai an gwada. Shaddar kuwa ita ta fi ba ni mamaki. Sabuwar shadda, irin su Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, sheƙi da sitacin da aka yi mata, ga na masu bugu a kai, ba sa barin ta sha ruwa da wuri. Tsohuwa kuwa da sheƙin ya tafi, ta koma laushi, furannin da ke cikin saƙar suna nan ana ganinsu in haske ya bugi ƙyallen. Irin wannan saƙa ce Turawa suka daɗe suna yin mayafin tebur da ƙyallayen cin abinci da ita. Ƙyallayen shaddar na ware wa baƙi, kuma babu wanda ya taɓa ɗauka ya ce tsohon zane ne.

Na so in yi wasu da rinin Ƙofar Mata, don ina son shuɗin baba, ina kuma alfahari da marinar nan da aka ce tun 1498 take aiki. Gwaggo ta ce a'a. Ta ce ɗabi'ar shuni ce ya kama jiki, Buzaye ma don haka suke son turkuɗi, ba laifin marina ba ne. Amma ba a ba mutum abin da zai goge jiƙaƙƙen baki ya tashi da shuɗin leɓe. In ina so, in sayi rinin in shimfiɗa a ƙarƙashin kwanuka. Haka na yi.

Maganar tabo ma ita ta warware mini. Abin da ke tsorata mata da farin ƙyalle shi ne manja. Ta ce rana ce maganin manja. A shafa sabulu a kan wurin tun bai kwana ba, a cuɗa da ruwan ɗumi don man ya fita, jan da ya rage a bar wa rana, a shanya a fili ba a inuwa ba. Na gwada da sabulun wanke-wanke na ruwa, wanda dama don maiƙo aka yi shi, na ga jan yana dusashewa a igiya da kansa, domin hasken rana yana karya sinadarin da ke ba manja launinsa. Bilic kuwa ta ce in yi nesa da shi sai in ya zama dole, yana cin auduga, ƙyalle ya yi fari ya kuma yage da wuri. Goro ne kawai ta ce ba ta da maganinsa mai sauƙi, don haka tsofaffi masu cin goro a miƙa musu na atamfa mai duhu.

Gwaggo, kin ba ni ilimi kin haɗa mini da kayan jikinki. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya haskaka idonki, Ya sa aljanna ce makomarki.

Maƙwabciyata ita ta ƙarasa aikin. Ba ni da keke, ita kuma Butterfly ɗinta ta ƙafa ita ce abincinta, da ita take biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta. Duk da haka ta ce in riƙa shigowa bayan la'asar idan ta tashi ɗora tukunya. Ta nuna mini a ninka baki sau biyu, siriri, a danne da dutsen guga kafin a kai keke, in ba haka ba kalmasar za ta yi ta zamewa. Ta nuna mini a datse kan kusurwa kaɗan kafin a ninka, domin a nan yadi ke taruwa ya yi tudu har ya karya allura. Ta sa mini allura lamba 14, ta ce ita ce daidai da wannan kauri, ta kuma ce in riƙa komawa baya kaɗan a farkon ɗinki da ƙarshensa don kada wanki ya warware shi. Ita ta kawo shawarar a yi wa ƙyallen kowane yaro kalmasa da zare mai launi daban, kowa ya san nasa, rigima ta ƙare. Da na kawo maganar kuɗin zare da man keke, ɓata rai ta yi ta ce, "Haba Maman yara, tsakanina da ke?" Na san abin da awa guda a kan keken nan take kawo mata. Allah Ya buɗa mata, Ya ba ta keke mai lantarki da shagon kanta.

Yanzu ƙyallayen na cikin wani kwando a gefen tabarmar cin abinci, na akoko da mai gida-gida na yau da kullum, na atamfa na ranar miyar manja, na shadda na baƙi. Wankinsu aiki ne, ba zan ce ba aiki ba ne, kuma a unguwar da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa dole mace ta sa wannan a lissafi. Amma ƙanana ne, suna bin wankin yau da kullum, da rani kafin azahar sun bushe. A ganina akokon ya fi duka, shi ne mafi araha, shi ne kuma yake ƙara kyau da tsufa. Tawul ɗin da ke kusa da buta na sauke shi, tishu kuma sai ranar taro.

'Yar'uwa, in kina da niyyar yin naki, fara buɗe akwatinki ki duba tsofaffin zannuwan auduga kafin ki nufi kasuwa. In kin je kasuwar, faɗa wa mai shago abin da za ki ɗinka, ki roƙe shi ya yanko miki ɗan guntu ki gwada da ruwa, na wuta kuma ki bari sai kin koma gida. In kin dace da wanda ya gaya miki gaskiya ko da ta rage masa ciniki, ki riƙe shagonsa, ki tura masa 'yan'uwa da ƙawaye. Waɗannan bayin Allah uku kuwa, ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa su a addu'a. Allah Ya saka musu da alheri, amin.